Dalilin Da Ya Sa Hoto Yake Gudu A Wata Waya, Ya Yi Ɗingishi A Wata



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu binciki wata tambaya da ta dami masu amfani da wayoyin zamani da allunan hannu, watau tabilet. Mutum biyu za su buɗe manhaja ɗaya, amma a hannun wannan hotuna su riƙa tafiya sumul, a hannun wancan kuwa su riƙa cijewa suna ɗingishi. Galibi akan ce ai ta farkon ta fi tsada ne. Wannan amsa ba ta wadatar ba, musamman ga ma'aikacin da za a ɗora wa alhakin sayo wa makarantu ko ofisoshi ɗaruruwan na'urori da kuɗin jama'a.

Da farko ya kamata mu gane cewa babu abin da yake motsi a fuskar waya. Hotuna ne tsayayyu ake jerowa da sauri har ido ya ɗauka motsi ne, kamar yadda ake yi a silima, inda ake nuna hoto 24 a kowane sakan. Fuskar waya kuwa ta saba sabunta kanta sau 60 a sakan, wasu ma sau 90 ko 120. Ke nan a kan sau 60, manhaja tana da abin da bai cika kashi 17 cikin dubu na sakan ba ta shirya hoto ta miƙa shi. Idan ta makara, fuskar ba za ta jira ta ba, sai ta maimaita tsohon hoton, wannan maimaicin kuwa shi ne ɗingishin da ido yake kamawa. Wayar da take sabunta fuska sau 120 ta raba wannan ɗan lokaci biyu.

Aikin zanen yana kan wani sashe na musamman a cikin ƙwaƙwalwar waya, wanda za mu kira sashen zane. Kamfanin Qualcomm yana da nasa mai suna Adreno, Arm yana da Mali, Imagination Technologies yana da PowerVR, Apple kuma ya fara amfani da nasa ƙirar a shekarar 2017. Nauyin da ake ɗora wa wannan sashe ya danganta ne ga yawan ɗige-ɗigen da suka haɗu suka yi fuskar, domin kowane ɗigo sai an ƙayyade masa launi.

A nan ne nake so mu ɗan dakata, don akwai misali da ya bayyana al'amarin sarai. Allon iPad 2 na shekarar 2011 yana da ɗigo 1,024 a tsaye, 768 a kwance, jimla 786,432. A watan Maris na 2012 Apple ya fito da iPad na uku, wanda ya ninka kowane ɓangare, ya zama 2,048 da 1,536, jimla 3,145,728. Ɗige-ɗigen sun ninku sau huɗu ke nan, amma sashen zanen ninki biyu kawai aka yi masa. Saboda haka sabuwar na'urar, duk da ta fi tsohuwar ƙarfi da kyan rubutu, rabon ƙarfin da ya faɗa wa kowane ɗigo ya ragu. Wasanni masu nauyin zane da dama sai da suka rage ado, ko suka zana hoton a ƙanƙane sannan aka buɗa shi ya cika fuskar. Kafin shekarar ta ƙare, kamfanin ya maye gurbinta da iPad na huɗu mai ƙarin ƙarfin zane. Jaki mai ƙarfi ne aka labta wa kayan raƙumi. Wannan shi ya sa ƙaramar waya mai matsakaicin yawan ɗigo takan fi babban allo santsin tafiya, alhali ƙwaƙwalwarsu iri ɗaya ce.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi na farko muhimmanci gare mu, shi ne zafi. Kwamfutar tebur tana da fanka, waya kuwa galibi ba ta da ita, jikinta kaɗai ne yake fitar da zafi. Idan sashen zane ya daɗe yana aiki tuƙuru, sai na'urar ta rage masa gudu da kanta don kada ta lalace ko ta ƙona hannun mai ita. Don haka gudun minti na farko dabam, na minti na ashirin dabam. Apple ya ƙayyade cewa a yi amfani da na'urorinsa a yanayin da bai wuce digiri 35 a ma'aunin Salshiyos ba, mu kuwa mun san cewa a Sakkwato ko Maiduguri zafin bazara yakan haura digiri 40. Wayar da ta fara aiki da ɗumi a jikinta za ta fi saurin kai wa iyakarta. Allon hannu, saboda faɗin jikinsa, yakan fi waya jure wannan.

To, yaya ake auna waɗannan abubuwa? Akwai manhajojin gwaji, irin su 3DMark da GFXBench, waɗanda suke sa na'ura ta zana wani fage mai wahala, su ba ta maki. Lalle suna da amfani, amma sai an san yadda ake karanta su. GFXBench yana da gwaji iri biyu: ɗaya yana zanawa da ƙayyadadden yawan ɗigo ga kowace na'ura, don a gwada ƙarfin sashen zane tsagwaronsa, ɗayan kuma yana amfani da ainihin ɗige-ɗigen fuskar na'urar. Na biyun ne yake nuna abin da mai ita zai gani. Har ila yau, an taɓa kama kamfanoni suna yi wa gwajin dabara. A 2013 mujallar AnandTech ta gano cewa wani samfurin Galaxy S4 na Samsung yana ƙara wa sashen zanensa gudu idan ya gane manhajar gwaji, fiye da yadda yake yi a wasanni, ko da yake kamfanin ya musa cewa da nufin ruɗi ne. A 2018 masu 3DMark sun cire wasu wayoyin Huawei daga jerinsu saboda irin wannan. Bayan haka ne 3DMark ya ƙara wani gwaji da yake maimaita fage ɗaya sau 20 a jere, ya nuna maki mafi girma da mafi ƙanƙanta. Ma'aikacin da zai yi sayayya, tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ya kamata ya tambaya.

Ku kuma ɗalibai masu koyon rubuta manhaja, wani kaso na laifin yana wuyan marubuci. Akan sami manhajar da take shafa wa ɗigo ɗaya launi sau uku ko huɗu a hoto guda, shimfiɗa bisa shimfiɗa, alhali ta saman kaɗai ake gani. Android yana da wani zaɓi na masu ƙirƙira da yake rina irin waɗannan wurare don a gan su. Ku kunna shi, kuma ku gwada aikinku a kan ƙananan wayoyin Tecno ko Itel da jama'armu suka fi saye, da tsakar rana, na tsawon rabin sa'a.