Baƙo a Gidan Abinci na Italiya

A Gwiwa, kamar sauran ƙasar Kazaure, idan aka ajiye wa baƙo akushin tuwon gero da miyar kuka, ba ya tambayar abin da aka zuba a tukunya, domin mai masauki Musulmi ne, naman kuma yankan mahautan da kowa ya sani ne, tambayar ma sai ta zama rashin ladabi. Amma tun da fatun awakin ƙasar Hausa suka saba ratsa majemun Challawa da Sharaɗa a Kano su wuce Italiya, 'yan kasuwarmu kuma suka bi sawunsu har Milan, inda ake baje kolin fata na Lineapelle sau biyu a shekara, ya wajaba a yi wa matafiyi nasiha cewa kunyar da ke ƙawata mutum a gida tana iya kai shi ga cin haram a can.

Dalili kuwa, alade a wurin Italiyawa ba da suna ɗaya yake zuwa ba. Sunansa na asali maiale, ana furta shi "mayale", amma a takardar jerin abinci sai ka iske prosciutto da salame da mortadella da pancetta da guanciale, alhali duk namansa ne aka sarrafa. Har da strutto, wato kitsensa, wanda akan kwaɓa wata gurasa mai suna piadina da shi. Taliyar carbonara, da mutum zai gani ya zaci ƙwai ne da cuku kawai, soyayyun gutsattsarin nan da ke cikinta kumatun alade ne. Miyar ragù ta Bolonya takan haɗa naman sa da na alade da giya, shinkafar risotto ma galibi sai an zuba mata farar giya.

Saboda haka, da ka zauna ka gaisa da mai kawo abinci da "Buongiorno", ko "Buonasera" in da yamma ne, sai ka ce "Sono musulmano, non mangio maiale", wato ni Musulmi ne, ba na cin alade, ka nuna abin da kake so da yatsa ka tambaya "C'è maiale? C'è vino?", ma'ana akwai alade, akwai giya? Furucin "c'è" daidai yake da "ce" namu. Kalmar "senza" kuwa, wato banda, a ganina ta fi kowace amfani. Wanda ya nemi kuɓuta daga shubuha ya nemi pesce, kifi ke nan, da ba ya bukatar yanka, ko pasta al pomodoro, taliya da tumatir, ko pizza margherita. Mas'alar yankan Ahlul Kitabi dai ka warware ta da malaminka tun kafin ka tashi. Mahautan halal suna nan a manyan birane, musamman Rum, inda aka buɗe babban masallaci a 1995.

Abincin rana daga wajen 12:30 ne zuwa 2:30, na dare kuma sai 7:30 ta yi. Ba a kawo lissafi sai ka ce "Il conto, per favore", kuma in ka ga coperto a ciki, kuɗin zama da burodi ne, ba zalunci ba.

Ya kai mai niyyar tafiya, rubuta waɗannan kalmomi a takarda ka ajiye tare da fasfonka, ka kuma yi tambaya kafin ka kai loma baki.