Ko Kun Sani? Yatsu Ma Suna Hadda

A makarantun allo na Sabha, babban birnin Fezzan a kudancin Libiya, kamar a tsangayun Kano da Maraɗi, yaro kan fara rubutu ne malam na riƙe da hannunsa, ko ya bi sawun harafin da aka zana masa. Dabarar tana da tushe a jiki. Kan yatsa na iya bambance tsini biyu da ke da tazarar milimita 2 zuwa 3, alhali fatar baya sai tazarar ta kai wajen santimita 4.

A 2008, masu bincike a Georgia Tech da ke Amurka, ƙarƙashin Thad Starner, suka haɗa safar hannu mai girgiza yatsu ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka sa ta sun koyi gajeren kiɗan fiyano hankalinsu na kan wani aiki dabam. A 2014 aka gwada ta wajen koyar da rubutun makafi na Braille.

Sai dai riƙon hannun yaro kada ya yi yawa. Hannun da kullum ake ja yakan rikice ranar da aka sake shi, shi ya sa gogaggen malami ke sassautawa da wuri.