Bakansi a karkarar Damargu

Turawan Ingila idan hutu ya zo, sukan kama hayar ɗan gida a wani ƙauye na bakin teku a yankin Wales, su biya kuɗin mako guda, su huta abinsu. A Damargu babu teku, ba kuma a san gidan haya na baƙon hutu ba. Ma'aikacin da ya baro Damagaram ko Yamai a gidan dangi yake sauka, a share masa ɗaki, a shimfiɗa masa tabarma.

Hanyar ita ce ta Agadas. Daga Damagaram a wuce matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a 2011, a ratsa Bakin Birji da Sabon Kafi, a isa Tanut. Mai zuwa Balbeji, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011 ɗin, sai ya yi yamma wajen kwarin Tarka.

Wanda ya san Damargu da rani kaɗai bai san ta ba. A watan Agusta tuddan yashi sun yi kore, tabkuna sun kawo, garkunan Fulani da na Buzaye sun hauro arewa. Nono ya wadata, ga cuku sabon bugu. Dare kuwa shiru, sai kukan kwaɗi. Wannan ƙasa ce ta daɗe tana ciyar da ayarin Abzin da gero. A nan, a Tagelel, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya rabu da ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa a watan Janairu 1851.

Sai dai akwai abin da ɗan birni kan manta. Bakansin lakwal yana faɗowa daidai lokacin da rumbu ya kusa ƙarewa, sabon gero bai nuna ba, tiya ta yi tsada a kasuwa. Maigida ba zai taɓa cewa babu ba. Zai yanka kaza, wani lokaci har ya ci bashin hatsi da zai biya da kaka, don kada baƙo da ƴaƴansa biyar su ga gazawarsa. Waɗanda suka ga 1984 da 2005 sun san abin da rumbu marar komai yake nufi.

Saboda haka masu hankali ba su zuwa hannu rabbana: buhun gero ko shinkafa, sukari, shayi, sabulu. Su kuma ɗauko sange da maganin masassara, don sauro ma lokacinsa ne, likita kuma tana iya yin nisa idan ƙorama ta yanke hanya.