Capati: gurasar Indiya da ake gasawa a kasko, ba yis ba gidan burodi

Masu kallon fina-finan Indiya sun san wannan hoton: uwa zaune a bakin murhu tana murza ƙullu, ta ɗora shi kan baƙin ƙarfe, sai ka ga ya kumbura kamar an hura masa iska. Masu sauraro da dama sun tambaye mu ko mene ne. Sunansa capati, wasu su ce roti, kuma shi ne abincin yau da kullum a arewacin Indiya, jihohin Punjab, Haryana da Uttar Pradesh, inda ake noman alkama sosai. Indiya ce ta biyu a duniya wajen noman alkama, bayan Sin.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne ba ya buƙatar yis, ba ya buƙatar tandar gashi. Gari, ruwa, ɗan gishiri, shi ke nan. Ga gidan da kuɗin burodin safe ya fara yi wa nauyi, ai wannan abin dubawa ne.

Garin da Indiyawa ke amfani da shi suna ce masa atta. Alkama ce da aka niƙa gaba ɗaya da dusarta, ta yi laushi ƙwarai. Farar fulawa ma tana yi, sai dai capatin yakan yi danƙo, in ya huce ya yi tauri. Wanda ya samu alkama ya kai injin niƙa ya tankaɗe, shi ya fi kusa da na asali.

Kofi 2 na gari yana shan kusan kashi 3 cikin 4 na kofin ruwa mai ɗumi. Kar a zuba ruwan lokaci guda. Kaɗan-kaɗan ana cuɗawa, kamar minti 8 zuwa 10, har ƙullun ya yi laushi ya daina kama hannu. Sai a rufe da tsumma mai ɗan damshi a bar shi minti 20 zuwa 30. To, a nan ne mu muka yi kuskure ranar da muka fara gwadawa. Gaggawa ta sa muka tsallake hutun, muna murzawa ƙullun yana komawa baya kamar roba, abin da ya fito kuwa sai da shayi ya haɗiyu. Hutun nan shi ke ba garin damar shan ruwa, danƙonsa ya saki.

Bayan haka a gutsura, kowane curi kamar lemun tsami, a barbaɗa gari, a murza shi ya yi faɗin tafin hannu da yatsu, wajen santimita 15. Indiyawa suna da muciyarsu ta murzawa, belan. Kwalba mai tsabta ta wadatar. Kauri ya zama ɗaya ko'ina. In gefe ya fi tsakiya kauri, ba zai kumbura ba.

Kaskonsu na ƙarfe ne shimfiɗaɗɗe, tawa, kuma ba a sa masa mai. Ya yi zafi sosai kafin a ɗora. Bayan kamar daƙiƙa 30, in ƙananan ƙuraje sun fito a sama, a juya. Gefe na biyu a bar shi ya ɗan fi daɗewa, har ya yi ɗigo-ɗigon ja. Daga nan a ɗauke shi a ɗora kai tsaye kan harshen wutar gas ko garwashi na ƴan daƙiƙu. Fuskokin biyu sun riga sun rufe, ruwan da ke ciki ya zama tururi, ba shi da hanyar fita, sai ya raba gurasar biyu ta tashi. Wannan mai kumburin shi suke kira fulka. Mai tsoron wuta ya bar shi a kasko ya riƙa danna gefensa a hankali da tsumma. A yi hattara dai, tururin yana ƙona yatsa.

Da an sauke, a shafa man shanu a jera su cikin tsumma a rufe, in ba haka ba iskar hunturu za ta busar da su kafin a zauna ci. A can da miyar wake suke ci, dal, ko ganye. Mu da miyar alayyafo muka haɗa, wallahi babu abin da ya rage.

Akwai kuma wani abu da ya ba mu mamaki. A jihohin Rajasthan da Gujarat, inda ruwan sama ba ya da yawa, da garin hatsi suke yin roti. Bajra suke ce masa, kuma geronmu ne dai, wanda asalinsa daga Sahel ne, ya isa Indiya shekaru dubbai da suka wuce. Shi ba ya da danƙon alkama, don haka da ruwan zafi ake kwaɓa shi, a lallaɓa shi da tafin hannu maimakon kwalba, ya ɗan yi kauri. In yana tsagewa a gefe, a jiƙa hannu, ko a haɗa masa ɗan garin alkama.