Gemu Ba Ya Hana Ilmi: Tallafin Hukuma ga Manya Masu Karatu a Bakin Aiki a Ƙasar Birnin Gwari

Gabatarwa

Hausawa na cewa gemu ba ya hana ilmi. Wannan magana gaskiya ce, amma akwai abin da ba ta faɗa ba, watau wanda zai ɗauki nauyin mai gemun idan ya koma makaranta. Yaro ɗan makaranta yana da uban da zai biya masa kuɗi, ya ciyar da shi. Magidanci kuwa shi ne uban, shi ake jira ya kawo cefane. Makasudin wannan lacca shi ne a bayyana hanyoyin da hukuma take bi a Nijeriya wajen taimaka wa ɗalibai da kuɗi, a kuma nuna inda mai karatu a bakin aiki ya faɗo cikin wannan tsari. An ɗauki ƙasar Birnin Gwari, a yammacin Jihar Kaduna, ta zama madubi, domin a can matsalar ta fi fitowa sarari.

Wane Ne Mai Karatu a Bakin Aiki?

Abin da ake nufi da mai karatu a bakin aiki shi ne baligi, namiji ko mace, wanda yake neman ƙarin ilmi ko ƙwarewar sana'a ba tare da ya ajiye abin da yake ci da shi ba. Daga cikinsu akwai malamin firamare mai neman takardar shaidar malanta ta ƙasa, watau NCE, da akawun ƙaramar hukuma mai neman difloma, da ungozoma, da malamin gona, da bakanike mai son hukuma ta shaida ƙwarewarsa. Wasu suna zuwa aji da yamma, wasu a ƙarshen mako, wasu lokacin dogon hutu, wasu kuma suna karatu daga gida, sai jarrabawa ta kai su cibiya.

Irin wannan ɗalibi taura biyu yake taunawa, saboda haka karatunsa yakan fi jan lokaci. Digirin da saurayi zai gama cikin shekara huɗu yakan ɗauke shi biyar ko shida. Ɗawainiyarsa kuma ba ta tsaya ga kuɗin makaranta ba. Akwai kuɗin mota, da na masauki, da na littattafai, sa'an nan akwai asarar ranakun da ya bar gona ko shago. Ga mace akwai ƙarin nauyin wanda zai kula da yara.

Birnin Gwari da Dajinta

Birnin Gwari masarauta ce, kuma ƙaramar hukuma mai faɗin ƙasa, wadda ta yi iyaka da jihohin Neja da Zamfara da Katsina. Tsakaninta da garin Kaduna akwai wajen kilomita 120. Arzikinta noma ne da kiwo da haƙar zinariya. A cikinta ne gandun dajin Kamuku yake, wanda aka keɓe a 1936 a zamanin En'e, aka kuma mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,000, kuma ya haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara.

Wannan daji, wanda ya kamata ya zama abin alfahari, shi ne ya zama maɓoyar ɓarayin shanu da 'yan bindiga shekara da shekaru. Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama abin tsoro, har matafiya sukan jira rakiyar jami'an tsaro. A watan Maris na 2021 an sace malamai uku a makarantar firamare ta Rama, kwanaki kaɗan bayan an kwashe ɗalibai a Kwalejin Gandun Daji ta Afaka, kusa da Kaduna. A ƙarshen wannan shekara kuma gwamnati ta katse layukan waya na wajen wata biyu, ta hana hawa babur, don ta takura wa 'yan bindiga. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu bayan ta shafe shekaru a rufe.

Abin lura a nan shi ne, idan rikici ya daɗe a wuri, ƙwararrun da aka turo daga nesa su ne kan fara neman canjin wurin aiki. Waɗanda suke saura su ne 'yan ƙasa, masu gida da gona da iyali a wurin. Su ne suka riƙe makarantu da ɗakunan shan magani sa'ad da abin ya yi tsanani, kuma mafi yawansu ba za su iya barin aiki su tafi Zariya ko Kaduna su zauna shekara huɗu ba. Idan har za a sami ƙwararru masu zama a Birnin Gwari, to daga cikin waɗannan mutane za a same su.

Ƙofofin da Aka Buɗe

Karantar da manya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Makarantun zaure, inda dattawa ke ɗaukar karatun littattafai bayan Asuba ko bayan Magariba, sun girmi boko nesa ba kusa ba. A cikin shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, wanda Malam Ahmadu Kumasi yana cikin jagororinsa, Hukumar NORLA a Zariya kuma tana buga littattafan da aka yi amfani da su. A 1980 Jihar Kano ta kafa hukumar ilmin manya, wadda ta sami lambar yabo ta UNESCO a 1983. A 1990 Gwamnatin Tarayya ta kafa tata hukumar ta ƙasa baki ɗaya.

A fannin ilmi mai zurfi ma an yi ƙoƙari. Shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 ya jawo bukatar malamai masu ɗimbin yawa, saboda haka aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a wannan shekara, don ta horar da malamai suna bakin aikinsu. Daga 1990 ta fara ba da karatun NCE daga nesa. Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana karɓar malamai lokacin dogon hutu, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna kuma tana da azuzuwan yamma. Jami'ar karatu daga gida, watau NOUN, an kafa ta a 1983, aka dakatar da ita a 1984, sa'an nan aka farfaɗo da ita a zamanin mulkin Shugaba Obasanjo.

Ke nan ƙofofi suna nan a buɗe. Sai dai a yawancin makarantu ana ɗaukar karatun yamma da na ƙarshen mako a matsayin hanyar samun kuɗin shiga, don haka kuɗinsa yakan fi na sauran ɗalibai tsada. Wanda ya fi kowa nauyi a wuya shi ne ake caja fiye da kowa.

Hanyoyin Tallafi da Inda Suka Tsaya

Hanya ta farko ita ce sukolashif na jiha. Jihar Kaduna tana da hukumar ba da tallafin karatu da lamuni ga 'yan asalinta. Amma a al'adar irin waɗannan hukumomi a jihohin Arewa, ɗalibin da ake hange shi ne matashin da ya gama sakandare ya wuce jami'a ko kwaleji, ba shi da wani aiki sai karatu. A watan Agusta na 2023 gwamnatin jihar ta rage kuɗin makarantunta na gaba da sakandare, wasu da kashi 30 cikin ɗari, wasu da kashi 50. Ragi ne mai amfani, amma bai taɓa kuɗin mota da masauki ba, alhali kuwa kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na wannan shekara.

Hanya ta biyu ita ce rance. An taɓa kafa hukumar ba ɗalibai rance a 1972, amma ta durƙushe, musamman saboda rashin biyan bashi. A 2023 aka sake yin doka, aka gyara ta a watan Afrilu na 2024, asusun NELFUND kuma ya fara karɓar takardun masu nema a watan Mayu na 2024. Rancen ba shi da kuɗin ruwa, ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, an kuma fara da ba ɗalibi Naira 20,000 kowane wata don ɗawainiya. Dokar ta ambaci masu koyon sana'a, wanda wannan ci gaba ne. To amma idan aka duba sharuɗɗan za a ga wanda aka auna aka ɗinka wa rigar. Ana neman lambar JAMB, ana cike takarda ta intanet, kuma biyan bashin yana farawa ne shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa. Ita kuwa bautar ƙasa, wadda aka soma a 1973, ba a kiran wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama, ba a kuma kiran wanda ya yi karatunsa a bakin aiki.

Hanya ta uku ita ce ta ma'aikata. Ma'aikacin gwamnati yana iya neman hutun ƙaro ilmi, da albashi ko ba albashi. Amma a makarantar ƙauye mai malamai biyu ko uku, shugaba yakan yi nauyin hannu wajen sakin mutum, tun da babu mai maye gurbinsa. Akwai kuma Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, watau ITF, da aka kafa a 1971, inda kamfani yake zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin ma'aikatansa, a mayar masa da wani kaso idan ya horar da su. Manomi da mahaƙin zinariya da tela na Birnin Gwari ba su da kamfanin da zai zuba musu kome. Asusun TETFund kuwa gine-ginen makarantu da horar da malamansu yake ɗauka, ba ya ba ɗalibi kuɗi a hannu.

Hanya ta huɗu ita ce koyar da sana'a. Hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, NDE, tun 1987 take haɗa masu koyo da masu sana'a. A 2025 Jihar Kaduna ta buɗe cibiyoyin koyon sana'a guda uku, a Rigachikun da Soba da Samarun Kataf. Mafi kusa da mutumin Birnin Gwari ita ce ta Rigachikun, kuma sai ya ratsa dukan wannan doguwar hanya kafin ya kai gare ta.

Abin da Wasu Ƙasashe Suka Gwada

Matsalar ba ta Nijeriya kaɗai ba ce, kuma akwai darasi a yadda wasu suka tunkare ta. A Amurka, tallafin Pell na gwamnatin tarayya, wanda ya samo asali a 1972, ana auna shi ne da yawan darussan da ɗalibi ya ɗauka, watau mai ɗaukar rabin darussa yana samun wajen rabin kuɗi. A 2022 Jihar New York ta ware Dala miliyan 150 don faɗaɗa tallafinta ga masu karatu a bakin aiki, har da masu ɗaukar gajerun kwasa-kwasan sana'a a kwalejojin al'umma.

Ingila kuwa ta bi wata hanya dabam. A 2012 ta ƙara kuɗin jami'a ƙwarai, ta kuma buɗe wa masu karatu a bakin aiki ƙofar rance. Maimakon su ƙaru, sai yawansu ya ragu matuƙa a shekarun da suka biyo baya. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, mai iyali yana gudun bashi fiye da saurayi, domin ya san abin da ke kansa, kuma shekarun aikin da suka rage masa ba su kai na yaro ba. Idan haka ta faru a ƙasar da albashi yake zuwa a kan kari, ina ga magidancin da rabin abin da yake samu ya dogara ga damina?

Gyaran da Ya Dace

Bisa ga abin da ya gabata, ana iya fitar da ƙa'idoji huɗu. Ta ɗaya, a auna tallafi da yawan darussan da mutum ya ɗauka, a daina tambayar ko zaune yake a makaranta ko yana zuwa daga gida. Ta biyu, ga mai ƙaramin ƙarfi tallafin ya zama kyauta, a bar rance ga mai tsayayyen albashi. Ta uku, a sa kuɗin mota da masauki cikin lissafi, ko kuwa a kawo karatun kusa, a buɗe cibiya a cikin garin Birnin Gwari, malamai su riƙa zuwa maimakon ɗalibai su riƙa tafiya. Ya kamata kuma a bar hanyar cike takarda da hannu a ofishin ilmi na ƙaramar hukuma, domin abin da ya faru a 2021 ya nuna intanet yana iya ɗaukewa ɗungum. Ta huɗu, a tsara lokutan karatu da jarrabawa su fi yawa a cikin rani, bayan an kai amfanin gona gida.

Akwai masu cewa kuɗin hukuma kaɗan ne, gara a zuba su ga matasa, waɗanda za su daɗe suna mora. Wannan hujja ce mai ƙarfi, amma tana da amsa. Matashin da aka ɗauki nauyinsa sau da yawa birni yake zama bayan ya gama. Malamar da ta shekara goma tana koyarwa a Kuyello ko Dogon Dawa kuwa, abin da ta koya ran Asabar shi za ta shiga aji da shi ran Litinin, kuma yara ne za su amfana. Bugu da ƙari, a 2017 Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa, ta bayyana cewa 21,780 sun faɗi, aka sallame su. Hukumar da take neman ƙwarewa daga ma'aikatanta har haka, wajibi ne ta sauƙaƙa musu hanyar samunta.

Kammalawa

Sulhu yana iya buɗe hanya da kasuwa, amma ba ya samar da malamin lissafi ko malamin daji ko ma'aikaciyar jinya. Waɗannan sai an horar da su, kuma mutanen da za a horar suna nan a Birnin Gwari, suna aiki, suna riƙe da iyali. Ɗaliban yau su ne za su rubuta ƙa'idojin tallafi gobe, ma'aikatan gwamnati kuma a hannunsu takardun suke tun yanzu. Duk ran da ɗayansu ya zauna tsara sharuɗɗan sukolashif, ya dace ya tambayi kansa ko malamin da ke koyarwa a bakin dajin Kamuku zai iya cika su.