Shimfiɗar Cikin Takalmi Da Gudun Fadama

A bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a 1934, masunta kan sheƙa zuwa Matan Fada, galibinsu ba takalmi. Masu tseren daji kuwa sukan sa shimfiɗa cikin takalmi, watau wadda likita ya auna don ta tallafi tafin ƙafa. A kan kwalta ba mu ga laifinta ba. Amma fa fadamar Rima, daga Argungu har Birnin Kebbi, laka ce da sawun shanu. Shimfiɗa mai kauri takan ɗaga diddige har idon sawu ya gurɗe, in ta jiƙe kuma ta zame. Shawararmu, a nemi marar kauri, a cire ta asali tukuna, sa'an nan a saba da ita kafin ranar tsere.