Yadda Duniyarmu Take Bayyana a Samaniyar Mars

Ranar 31 ga Janairun 2014, minti 80 bayan faɗuwar rana a duniyar Mars, motar binciken nan ta hukumar NASA ta Amurka mai suna Curiosity ta ɗaga kyamararta sama ta ɗauki hoto. A cikinsa akwai wani ɗigon haske da ya fi duk taurarin wurin ƙyalli, da wani ƙarami a kusa da shi. Babban shi ne duniyarmu, ƙaramin kuwa watanmu ne, daga nisan kilomita kusan miliyan 160. Masanan hukumar sun ce da mutum mai lafiyar ido zai tsaya a wurin, zai ga su biyun daban-daban ba tare da na'urar hangen nesa ba. Kafin wannan, a watan Maris na 2004, wata motar mai suna Spirit ta hango duniya da asubahi, kuma hotonta ne na farko da aka ɗauki duniya daga doron wata duniyar.

Me ya sa da asuba ko da almuru? Duniyarmu ta fi Mars kusa da rana, don haka mai kallo daga can ba zai taɓa ganinta ta yi nisa da ranar ba. Haka Zara take mana: wani lokaci ta fito bayan magariba, wani lokaci ta zama Gamzaki ta riga alfijir, amma ba a ganinta a tsakiyar sama da tsakar dare.

Abin da ya fi ban mamaki, sa'ad da duniyoyin biyu suka fi kusantar juna, kamar a Agustan 2003 da tazarar ta ragu zuwa kilomita miliyan 56, lokacin ne duniyarmu ke ɓace wa mai kallo daga Mars. Ta shiga tsakaninsa da rana, ta juya masa gefenta mai duhu, hasken rana kuma ya haɗiye ta. Sai ta ja gefe tukuna ake ganinta. Wani sa'in ma saitin yakan yi daidai har ta gitta fuskar rana tana baƙin ɗigo. Hakan ya faru a 11 ga Mayun 1984, zai kuma sake faruwa a Nuwamban 2084.

Daga kan watanmu kuwa, ganin duniya ba wuya: mutum 12 da suka taka shi tsakanin 1969 da 1972 sun je inda faɗin duniya a sama ya kusa ninka faɗin watan da muke gani daga nan sau huɗu. Can nesa kuwa ido ya gaza. Hoton duniya da kumbon Voyager 1 ya ɗauka a 1990 daga kilomita biliyan 6 aikin kyamara ne kawai.

Har yau babu ɗan Adam da ya je Mars. Mai son ya kwatanta abin, ya fita bayan magariba a lokacin da Zara ke sama ya dubi yamma.